Yadda Ake Ƙirga Tsuntsayen Ruwa Masu Ƙaura

Tsuntsayen nan da suke cika fadamun Hadejia da Nguru lokacin hunturu, da yawansu baƙi ne, daga Turai da arewacin Asiya suke tsallako Sahara saboda sanyin can ya fi ƙarfinsu. Wasu su sauka Dagona a Yobe, wasu Tafkin Chadi, wasu kuma su bi gaɓar teku har Banc d'Arguin a Muritaniya. Tun 1967 ake ƙirga su duk watan Janairu, yanzu ƙungiyar Wetlands International ce ke haɗa alƙaluman, kuma wallahi ba sai kana da digiri ba kafin ka sa hannu.

Kafin komai je ka gaida bulama ko mai unguwa da sarkin ruwa ka faɗa musu abin da ya kawo ka, in ba haka ba a ganka da tabarau mai hangen nesa a bakin ruwa a ɗauka wani abu ne daban. Masunta ma sun fi ka sanin inda tsuntsaye ke kwana.

Ku fita ku biyu da sassafe, ɗaya na ƙirga ɗaya na rubutawa, rana ta kasance a bayanku don in tana gabanku duk tsuntsu baƙi za ku gan shi, ga hazo kuma. Kar ku sa fararen kaya masu ɗaukar ido, kar ku matsa kusa, da zarar ka ga sun ɗaga wuya sun daina kiwo to ka isa, tsaya nan. Tashinsu ɗaya a banza ƙarfin da suke tarawa ne na komawa gida ya tafi.

In garken ya yi yawa ba ɗai-ɗai ake bi ba. Ƙirga goma ka riƙe girman wurin da suka cika a idonka, sai ka riƙa auna sauran da shi, goma goma, in dubbai ne ɗari ɗari. Ware baƙin daga 'yan gida irin su kirinjijiya da dinya da balbela, wanda ba ka gane ba ka ɗauki hoto, kar ka yi ƙage.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne maimaici. Wuri ɗaya, hanya ɗaya, lokaci ɗaya, duk shekara, ko ba ka ga komai ba rubuta sifili, shi ma bayani ne, don da haka ake gane ko ciyawar kachala ta cinye wurin ko ruwan da ake saki daga dam ɗin Tiga da Challawa ya ragu.

Ka ga zobe a ƙafar tsuntsu, irin wanda masu bincike ke sa musu don bin sawunsu, rubuta launinsa da lambar da wace ƙafa ce. Ka ga matattu da yawa kar ka taɓa, murar tsuntsaye ba wasa ba ce, sanar da likitan dabbobi. Sauran lissafin ka zuba shi a manhajar eBird ta masu lura da tsuntsaye ko ka tura wa NCF, ƙungiyar kare muhalli ta Najeriya.