Yadda na ceto alobera ta bayan na sauya mata tukunya

Saiwoyinta sun cika tukunyar har suna leƙowa ta hudar ƙasa, sai na mayar da ita babban bokiti don ta sake. Nan na yi kuskure. Ƙasar ta yi mata yawa, ta riƙe ruwa, ganyen ya fara laushi yana rawaya. Raina ya ɓaci sosai.

Na ciro ta, na yanke ruɓaɓɓun saiwoyin, na bar ta kwana 2 a inuwa ta sha iska. Sannan na samo tukunyar ƙasa mai huda, wadda ta ɗara tsohuwar da santimita 4 kacal a faɗi. Na haɗa yashi da ƙasa rabi da rabi, ban ba ta ruwa ba sai bayan mako guda. Yanzu ga sabon ganye yana fitowa a tsakiya.