Yoyon Hayaƙi a Murfin Murhun Gashi Mai Ƙwayoyin Itace: Gano Dalili da Yadda Ake Liƙa Gasket

Murhun gashi mai amfani da ƙwayoyin itace, wato garin katako da aka matse ya zama ƙananan ƙwayoyi waɗanda ake kira felet, a Amurka aka ƙirƙiro shi. Joe Traeger na jihar Oregon ne ya fito da shi a 1985, kuma bayan da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare a 2006 kamfanoni irin su Pit Boss da Camp Chef da Green Mountain Grills suka shigo kasuwar. Kusan duk wanda ya sayi irin wannan murhu, ranar farko da ya kunna shi zai ga hayaƙi na fita ta gefen murfi, ta ƙasansa, wani lokaci har ta wajen hinji. Sai hankali ya tashi, a ɗauka an sayo mai lahani. Kafin ka kashe kuɗi a kan gasket, wato siririn abin toshe kafa da ake liƙawa a bakin murfi, ka fahimci yadda iska ke tafiya a cikin murhun, domin daga nan ne za ka san wane yoyo ne ba komai ba, wane ne kuma alamar haɗari.

Ƙwayoyin suna zaune a cikin rumbu a gefe. Wani dogon ƙarfe mai murɗi yana tura su kaɗan-kaɗan zuwa kaskon wuta da ke tsakiyar gangar murhun, sandar lantarki ta kunna su, fanka kuma ta riƙa hura iska ba tsayawa. Wannan fankar ita ce jigon maganar. A murhun gawayi ko na itace, bututun fitar hayaƙi ne ke janyo iska, don haka duk wata kafa a murfi tana shigar da iskar da ba a so, wuta ta ƙi biyuwa. A murhun felet kuwa iska turo ta ake yi daga ciki, gangar cike take da iska mai neman hanyar fita, kuma za ta bi duk ramin da ta samu. Hayaƙin da kake gani a bakin murfi ya riga ya bi ta kan naman. Ko ka toshe bakin, adadin iskar da fanka ta hura dole ya fita, sai dai ya koma bututu. Shi ya sa masu ƙera murhun ke ɗaukar ɗan yoyo a matsayin abin da aka saba da shi.

To mene ne amfanin gasket? Abu uku ne. Yana rage hawa da saukar zafi a ranar sanyi ko iska mai ƙarfi, yana rage cin ƙwayoyi, yana kuma hana baƙin maiƙo zubowa a gaban murhu ya ɓata fenti. Abin da ba ya yi shi ne ƙara wa nama ƙamshin hayaƙi. Hasali ma, a murhu mai na'urar daidaita zafi ta zamani, idan ganga ta riƙe zafi sosai na'urar za ta rage tura ƙwayoyi, hayaƙin ma ya ɗan ragu. Mai neman ƙamshi ya fara gashinsa a digiri 80 zuwa 107 na ma'aunin Salsiyos na awa biyu ko uku, ya ɗora naman da sanyinsa da danshinsa, domin sama da digiri 150 wutar na ci tsaf, hayaƙi kusan babu.

Gano inda yoyon yake

Lokacin da ya fi dacewa a duba shi ne mintuna biyar na farko bayan kunnawa, sa'ad da farin hayaƙi ke tuƙuƙi. Ka zagaya murhun da alli a hannu, ka yi alama a duk inda hayaƙi ke fita. Siririn hayaƙi da ke fita daidai-wa-daida a kewayen murfi ba matsala ba ne. Wanda ke bulbulowa a kusurwa guda yayin da bututu ke fitar da kaɗan, wannan yana nufin murfin bai zauna daidai ba.

Bayan murhun ya huce, ɗauki takardar kuɗi ko guntun takarda, ka sa a bakin murfi, ka rufe, ka ja. Inda ta ɗan riƙe, wurin ya zauna. Inda ta zare ba tare da wata turjiya ba, akwai kafa. Ka maimaita a kowane santimita goma, har da gefen hinji. Da dare kuma kana iya ajiye tocila a kunne a ciki ka rufe murfi, haske zai nuna maka kafar da girmanta.

Girman kafar ne ke yanke hukunci. Ƙasa da milimita 3, gasket zai rufe ta. Idan ta kai milimita 5 ko fiye, matsalar ta ƙarfe ce, kuma liƙa gasket mai kauri don cike ta zai ɗaga sauran gefen ne kawai. A sassauta notocin hinji, a bar murfin ya zauna da nauyinsa a kan ganga, a daidaita shi, sannan a ɗaure notocin ɗaya bayan ɗaya ana dubawa. Sau da yawa wannan kaɗai ke kashe rabin yoyon, musamman a murhun da aka harhaɗa a gida cikin gaggawa. Idan murfin ya murɗe, ko dai a wajen jigila ko bayan gobarar maiƙo, ana iya sa ɗan guntun katako a ƙarƙashin kusurwar da ta zauna, a danna wadda ta ɗaga a hankali, a gwada, a sake. Kaɗan-kaɗan ake yi, domin ƙarfen siriri ne kuma fentin na iya tsagewa. Murhun da har yanzu yake cikin garanti kuwa, a fara tuntuɓar mai sayarwa kafin a lanƙwasa komai ko a huda komai.

Akwai hayaƙin da ba na wasa ba: wanda ke fita daga rumbun ƙwayoyi. Wannan alama ce cewa wuta ko zafi na bin bututun murɗi baya zuwa rumbu. Toka ta cika kaskon wuta, ko fanka ta yi rauni, ko hanyar fitar hayaƙi ta toshe, ko an cire wayar lantarki kafin murhun ya gama zagayen kashe kansa, wanda a cikinsa fanka ke ci gaba da juyawa na wasu mintuna don ƙone ragowar ƙwayoyi. Kada ka liƙa gasket a murhun da ke wannan hali sai ka gyara dalilin, domin toshe murfi zai ƙara matsa iskar ta koma baya.

Wane gasket za a saya

Wanda ya fi dacewa shi ne mai kama da bargo da aka yi da zaren Nomex, zaren da kamfanin DuPont ya samar a shekarun 1960, wanda ake ɗinka rigunan 'yan kwana-kwana da shi. Ba ya narkewa, sai wajen digiri 370 yake fara ƙonewa, alhali yawancin murhunan felet iyakarsu digiri 230 zuwa 260, bakin murfi ma bai kai haka zafi ba. Ana sayar da shi a naɗe da gam a bayansa, irin na LavaLock da makamantansa. Ma'aunin da ya dace da yawancin murfi shi ne faɗin rabin inci, wato kusan milimita 13, da kaurin kashi ɗaya cikin takwas na inci, kusan milimita 3. Mutane na sha'awar mai kaurin milimita 6 suna ganin zai fi toshewa, amma a gefen hinji ba shi da wurin matsewa, sai ya tokare bayan murfin, gaba ya buɗe baki fiye da da.

Igiyar zaren gilashi da ake sa wa ƙofar murhun ɗumama ɗaki ta fi jure zafi, sai dai idan ta tsufa tana zubar da ƙananan zare, kuma bakin murfi a saman abinci yake. Robar ƙofar firji ko soson taga kuwa kada ma a kusanto da su, narkewa za su yi su fitar da hayaƙi mai guba.

Ka auna kewayen murfi da tef, kana bin lanƙwasar gefe. Murfi mai faɗin santimita 75 da gefe 45 zai ci mita 2.4, don haka naɗin mita 4.5 da aka fi sayarwa zai isa har da ragowar gyara. Sauran kayan aiki: almakashi mai kaifi, abin kankara na roba, sabulun wanke maiƙo, sifirit ko asiton, tsummoki masu tsabta, da samfefa mai laushi idan akwai tsatsa.

Liƙawa

Kusan duk gasket ɗin da ya ɓalle cikin mako biyu, wanki ne bai yi ba. Gam ba ya kama maiƙo, kuma maiƙon hayaƙi siriri ne, ido ba ya ganinsa sosai. Ka kankare baƙin da ya daskare, ka wanke da sabulu da ruwan ɗumi, ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe sarai. Sannan ka goge da sifirit, kana canza gefen tsumma, har sai farin tsumma ya fito fari. Idan za ka yi amfani da asiton, gwada shi a wani ɓoyayyen wuri tukuna, yana iya dusashe wani fentin. Ɓawon da ke ɓarewa a cikin murfi kamar fenti, yawanci tarin kunkunniya ce da maiƙo, a kankare shi duka. A yi aikin a ranar da ba ruwan sama, ƙarfen kuma ba sanyi ƙarara ba, ƙasa da digiri 10 gam ba ya kamawa da kyau.

A kan murfi za a liƙa ko a kan ganga? Duka biyun na aiki, amma a cikin bakin murfi ya fi daɗewa, domin a kan ganga duk lokacin da aka jawo wayar ɗora nama ko tire sai an goge shi, maiƙo kuma a kansa yake ɗiga. Ka rufe murfi ka ja layi da fensir a jikin ganga daidai bakinsa, don ka san faɗin wurin da suke haɗuwa. Gasket ya zauna a cikin wannan faɗin, kada ya leƙa ciki inda zafi kai-tsaye zai same shi.

Fara da gefen gaba, sai gefuna biyu. Ka riƙa ɓare takardar bayan gam santimita goma-goma, kana dannawa da babban yatsa. Kada ka ja shi ya miƙe, domin wanda aka ja zai koma tsawonsa da zarar ya ji zafi, ya bar kafa a kusurwa. A kusurwoyi a yanka a haɗa baki da baki. Idan aka ɗora wani kan wani, kaurin ya ninka, murfi ya hau kan tudu huɗu. Kafin ka liƙa gefen hinji, rufe murfi ka sake gwajin takarda. Idan wurin ya riga ya matse, bar shi haka ba gasket.

Rufe murfin, ka ɗora abu mai ɗan nauyi a kansa, ka bar shi awa 24. Bayan haka ka kunna murhun babu abinci a ciki, a digiri 120 na kimanin awa ɗaya, gam ya gama zama, warinsa ya fita. A kwanakin farko murfin zai ɗan yi tsaye, bayan gashi biyu ko uku gasket ɗin zai kwanta.

Inda kafar ba ta da kai, nan faɗi can matsattse, silikon mai jure zafi ya fi. A nemi wanda aka rubuta cewa ya dace da kayan abinci kuma yana jure aƙalla digiri 260. A zuba shi siriri a bakin ganga, a shimfiɗa takardar gashin biredi a kai, a rufe murfi a hankali, a bari awa 24, sannan a ɓare takardar. Silikon ɗin zai ɗauki siffar kafar daidai. Wanda ya manta takardar zai wayi gari murfi ya manne da ganga. Shi ne kuma maganin yoyon gindin bututu: a kwance notocin, a goge, a zuba siririn layi, a mayar.

Bayan an toshe

Yanzu duk iskar fanka ta koma hanya ɗaya, don haka dole hanyar ta kasance a buɗe. Hular bututu a bar mata tazarar kaurin yatsa ko fiye. Murhunan da ba su da bututu, masu fitar da hayaƙi ta ramukan baya kamar Traeger Timberline da Ironwood, kada a liƙe ramukan nan ko a jingina bayan murhun da bango. A riƙa goge cikin bututu, a kwashe tokar kasko bayan kowane gashi mai tsawo. Duk yadda aka toshe shi, murhun nan a waje ake kunna shi, hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ke kisa ba tare da wari ba.

Tsofaffin na'urorin daidaita zafi masu aiki da lokaci, irin na Traeger da a matakin P-2 (lambar P ce ke saita tsawon hutun tura ƙwayoyi) ke tura ƙwayoyi daƙiƙa 15 su huta 65, ba su san an toshe murfi ba. Za ka iya ganin zafin matakin hayaƙi, wato matakin zafi mafi ƙasa, ya haura abin da ka saba. Ƙara lambar P da ɗaya yana tsawaita hutun da daƙiƙa 10, zafi ya sauka, amma idan aka wuce gona da iri wutar za ta mutu a tsakiyar gashi.

Nan ne batun sakatar matse murfi ke buƙatar hattara. Wasu na ɗaura wa murfi irin wannan sakata don ya matsu sosai, kuma tana aiki. Amma idan wuta ta mutu ƙwayoyi suka taru a kasko, aka sake kunnawa ba a kwashe ba, ganga za ta cika da farin hayaƙi mai kauri wanda ke iya kamawa da wuta gaba ɗaya da ƙara. Murfin da ba a ɗaure ba zai ɗaga ya saki iskar, wanda aka ɗaure kuwa ba shi da wannan damar. Don haka kada a ɗaure sakata sai wuta ta kama sosai hayaƙi ya sirance, kuma duk lokacin da wuta ta mutu a bar murhu ya huce, a kwashe kaskon tas kafin a sake kunnawa.

Gasket na tsufa. Idan ya taurare, ya yi baƙi yana sheƙi, ko ya jiƙe da maiƙo har yana ɗiga, a ɓare shi a sa sabo, domin wanda ya sha maiƙo abincin wuta ne idan gobara ta tashi. Tsohon gam na fita cikin sauƙi idan aka ɗan ɗumama ƙarfen aka kankare da roba, sannan a sake wanki da sifirit kamar karon farko.