Yadda za ka samu isasshen kalsiyam a abincinka na kullum

Yawancin mutanen da na ga sun fara wannan abu, kuskurensu ɗaya ne, da sun ji an ce kalsiyam na ƙarfafa ƙashi sai su ruga su sayo kwalbar ƙwaya, su haɗiye da yawa lokaci guda da safe, shikenan wai sun gama. Ba haka jiki yake aiki ba sam.

Mataki na farko, san adadin da kake buƙata. Baligi miligiram 1,000 ne a rana. Mace da ta haura 50 da namijin da ya haura 70, 1,200. Yara daga shekara 9 zuwa 18 su ne ma suka fi kowa buƙata, 1,300, don a lokacin ne ƙashi ke ginuwa, kuma zuwa wajen shekara 30 ginin ya kusa kai ƙarshe, daga nan sai lallaɓa abin da ka tara. Kada gwajin jini ya ruɗe ka. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙora ne, sauran ɗan kaɗan ɗin ne ke jini, tsoka da jijiyoyi da bugun zuciya da daskarewar jini duk da shi suke aiki. In abinci bai kawo ba jiki zai ciro daga ƙashinka ya cike, sai gwaji ya nuna komai lafiya alhali ƙashi na ta zaizayewa a hankali.

Na biyu, lissafa abin da kake ci. Kofin madara ɗaya yana ba da kamar miligiram 300, yogot ma kusan haka. Kifin sardin na gwangwani yana da yawa sosai amma sai ka tauna ƙayar, ita ce mai kalsiyam ɗin, na sha ganin masu zare ta ɗaya bayan ɗaya suna zubarwa, wallahi asara ce. In madara na kumbura maka ciki gwada yogot ko cuku. Madarar waken suya da aka ƙara wa kalsiyam kuwa, girgiza kwalin kafin ka zuba don yana kwantawa a ƙasa.

Na uku, kuma nan ne ake faɗuwa, rarraba shi. Hanji ya fi tsotsar kalsiyam in bai wuce miligiram 500 a zama ɗaya ba, in ka lafta fiye da haka kason da ke shiga jiki raguwa yake. Don haka kaɗan da safe, kaɗan da rana, kaɗan da dare, ni dai doka ce a wurina kowane cin abinci ya zama da abu ɗaya mai kalsiyam. Sannan ba duk ganye ne ɗaya ba. Alayyafo yana da kalsiyam amma akwai sinadarin oksalet a ciki da ke riƙe shi, kaɗan ne ke shiga jini, kabeji da burokoli sun fi shi sakin nasu. Ka ci alayyafonka, kawai kada ka sa shi a lissafi. Kuma in babu bitamin D duk wahalar banza ce, shi ke taimaka wa hanji ya tsotsa, ana samun sa daga hasken rana da kifi mai mai da gwaiduwar ƙwai.

Na huɗu, rage gishiri don yana fitar da kalsiyam ta fitsari, ka kuma riƙa tafiya a ƙafa ko ɗaga ɗan nauyi don suna ƙarfafa ƙashi.

Ƙwaya sai in abinci ya gaza, kuma da sanin likita musamman mai ciki da mai ciwon ƙoda. Irin wadda aka rubuta kalsiyam kabonet a jikin kwalbarta da abinci ake shan ta. Kada a haɗa ta lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini ko na tayirod (wata halitta da ke gaban wuya), a ba da tazarar awanni, kuma jimillar kalsiyam na rana, na abinci da na ƙwaya, kada ta wuce miligiram 2,500, in an haura shekara 50 kuma 2,000.