Darasi na 6: Kumburin Ƙafa Marar Raɗaɗi ga Mai Ciwon Sukari

Idan ciwon sukari ya daɗe a jikin mutum, yakan kashe jijiyoyin da ke sa ƙafa ta ji taɓi da ciwo. Mutum zai taka rairayi mai zafi da tsakar rana, ko ƙaya ta soke shi, bai sani ba. A irin wannan ƙafa ne ƙananan ƙasusuwa ke tsagewa, gaɓoɓi su goce, mai ita kuwa yana ta zuwa kasuwa da gona domin babu raɗaɗin da zai zaunar da shi. Likitoci suna kiran ciwon da sunan Sharko, likitan Faransa da ya bayyana irinsa a 1868.

Alamar farko ita ce ƙafa ɗaya ta kumbura, ta fi ƴar'uwarta ɗumi, sau da yawa ba tare da wani miki ba. Ku ɗora bayan hannu a kan ƙafafun biyu, za ku ji bambancin. A asibiti ana aunawa, kuma idan bambancin ya wuce digiri 2, likita zai yi zargin ciwon. Hoton ƙashi yana iya fitowa lafiya lau a makonnin farko, saboda haka kada wannan ya kwantar muku da hankali. Akan sake ɗauka daga baya.

A nan Tawa, al'adarmu ce a kai kumburi wurin mai ɗori ko wanzami. Wannan ƙafa ba tasu ba ce. Ja da murza suna ƙara wargaza ƙashin, tsaga da ƙaho kuma suna buɗe miki a fatar da ba ta saurin warkewa. Haka ma gashi da ruwan zafi: ƙafar za ta ƙone mai ita bai ji ba.

Babban maganin shi ne a daina taka ƙafar tun daga ranar da aka ga alamar. Daga asibitin unguwa a nemi takardar zuwa babban asibitin jiha, ko Yamai idan hali ya yi. Can ake naɗe ƙafar da siminti na asibiti har zuwa ƙasan gwiwa, ana sauya shi bayan mako ɗaya ko biyu, marar lafiya yana dogara sanduna. Abin yakan ɗauki wata 3 zuwa 6, wani lokaci fiye, kuma wannan jarrabawa ce babba ga magidancin da ke ci da guminsa, don haka dole dangi su ɗauke masa ɗawainiya. Wanda ya ci gaba da tafiya, tsakiyar tafin ƙafarsa kan rufta ta turo ƙasa kamar gindin ƙwarya, a nan gyambo ke fitowa, wanda kan kai ga yanke ƙafa.

Bayan an cire simintin, a sa rufaffen takalmi mai taushin ciki, a riƙa duba ɗaya ƙafar kowace safiya, a kuma kiyaye maganin sukari. Idan zazzaɓi, mugunya ko wari suka bayyana, kada a kwana ba a je asibiti ba.