Kafin ku yarda da sakamakon tsinken gwajin abinci

Jama'a, ga shawara ga masu amfani da tsinken gwajin guba a abinci, mai kama da tsinken gwajin ciki ɗin nan.

Abin da ya fi damuna shi ne karatun layi. A yawancin tsinken gwajin aflatoksin, gubar da fumfuna ke haifarwa a masara da gyaɗa, layi biyu na nufin ba a ga guba ba, ko ba ta kai ma'aunin tsinken ba. Idan layin C, wato wanda ke nuna tsinken ya yi aiki, shi kaɗai ya fito, to akwai ta. Na ƙwayoyin cuta irin su Salmonella kuwa galibi akasin haka ne, layi biyu shi ne matsala. Don Allah ku karanta takardar kwalin. In layin C bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake.

Sai ɗibar samfuri. Aflatoksin ba ta bazuwa daidai a buhu, 'yan ƙwayoyin masara ko gyaɗa ƙalilan ne ke ɗauke da ita. Ku ɗebo daga sama, tsakiya da ƙasa, ku niƙa, ku gauraya sosai. Amurka ta sa iyakar aflatoksin a abinci a kashi 20 cikin biliyan, kun ga ido ba zai gane ba, kuma dafuwa ba ta kawar da ita.

Gwajin Salmonella sai an ajiye samfurin a inda ƙwayoyin cutar za su hayayyafa na kusan kwana guda tukuna. In ya nuna akwai, a ware kayan, a kai ɗakin gwaje-gwaje a tabbatar.