Kafin ka zare faifai: kurakuran da muke yi wajen gyaran rumbun bayanai

Ƙarfe biyu da rabi na dare aka bugo mini waya daga wani kamfanin shigo da kaya a Apapa. Rumbun ajiyar bayanansu ya tsaya cak, masu aikin dare sun kasa buɗe takardun kwastan. Daga Agege na taso. Ina shiga ɗakin kwamfuta na tarar da yaron da ke duti tsaye gaban na'urar da faifai a hannu, zufa na keto masa duk da sanyin ɗakin. Ɗan Kano ne, shekararsa ɗaya a aiki. Ya ce, "Oga, allon ne ya nuna faifai na 7 ya mutu, shi na zare." Ya ƙirga ramukan daga ɗaya, ita kuwa na'urar daga sifili take fara ƙirga. Faifan da ke hannunsa lafiyarsa ƙalau, mataccen yana ramin da ke kusa. Tsarin nasu RAID 5 ne, salon haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, wanda mutuwar faifai ɗaya tak yake jurewa. Da aka rasa biyu, komai ya zube.

Mun yi sa'a bai danna komai ba bayan haka. Muka mayar da faifan raminsa, muka kira masu ƙera na'urar, suka bi da mu har rumbun ya sake karɓarsa. Da ya zaɓi a sake tsara faifan daga farko, kamar yadda allon ke tayi, da bayanan shekaru sun tafi. Maganin wannan kuskure bai kai minti biyu ba: kowane rumbu na kirki yana da umarnin da ke sa fitilar faifai ɗaya ta riƙa ƙyaftawa. Ka kunna ta, ka je ka gani da idonka, ka duba lambar siriyal a allo, sannan ka kai hannu. Bayan ka zare ma ka gwada lambar da ke jikinsa da wadda ka rubuta.

Ƙanin wannan kuskure shi ne kashewa a kunna. Manaja na tsaye a kanka, waya na ta ƙara, sai zuciya ta ce kashe kawai, wataƙila ya dawo. Wani lokaci yakan dawo, amma ka goge shaidar abin da ya faru, kuma cutar tana nan za ta sake tashi ranar da ba ka gari. Ka fara kwashe kundin rahoton na'urar da na suwici (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a netwok) da na saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima), ka ajiye su a wani wuri daban. Ka tambaya: me aka canza jiya? Sau da yawa amsar tana nan, wani ya sabunta manhaja ko ya matsar da kebul yana shara.

A Legas kuwa, duk wanda ya fara bincike bai duba wuta da zafi ba, ya bar jaki yana dukan taiki. Wutar Ikeja Electric ko ta Eko za ta ɗauke, janareta ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya karɓa, kuma a wannan ɗan tsakanin UPS ne kaɗai ke riƙe da rumbun. Batirin UPS da ya shekara huɗu a ɗaki mai ɗumi zai nuna koren fitila, amma da nauyi ya hau kansa sai ya durƙusa. Ka ɗauko lokacin da faifai suka ɓace a kundin rahoto, ka gwada da lokacin da mai kula da janareta ya rubuta a littafinsa. In sun zo daidai, ka bar faifan nan ya huta, matsalarka tana ƙasan bene. Ka kuma bi igiyoyin wutar rumbun guda biyu da hannu. Na sha ganin an cusa su duka a soket ɗaya, alhali don a raba musu hanya aka yi su biyu. Zafin ɗaki ya zauna tsakanin digiri 18 zuwa 27. Ofisoshin da ke kusa da ruwa, irin na Marina da Lekki, suna fama da laima mai gishiri da ke cin bakin kebul a hankali, a watan Disamba da Janairu kuma ƙurar hunturu ta toshe matatar iska.

Akwai wani batiri da aka fi mantawa da shi, na cikin kwantirolar rumbun kanta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa faifan. Shi ke tsare bayanan da ke ma'ajiyar wucin gadi idan wuta ta yanke. Da ya raunana, kwantirola takan daina amfani da ma'ajiyar wajen rubutu don kada bayanai su salwanta, sai ta koma rubutawa kai tsaye a faifai. Nan take komai ya yi nauyi, ma'aikata su fara cewa netwok ne. Na ga inda aka sayi sabon suwici mai tsada saboda wannan, kuma ba abin da ya canza har sai da aka sauya batirin.

Idan an ce rumbu yana jan ƙafa, kada ka ɗora wa faifai laifi tun ba ka leƙa hanya ba. Duba ƙididdigar kurakuran CRC, wato saƙonnin da suka iso a lalace, a kafar suwici. In lambar tana hawa, yawanci bakin faiba ne ya yi datti, ko an lanƙwasa kebul, ko SFP, ɗan kan da ake cusa faibar a cikinsa, ya gaji. Goge bakin da abin gogewarsa, ba da gefen riga ba. Masu amfani da iSCSI, wato haɗa saba da rumbu ta netwok, su kuma su kula da girman fakiti, wato ƙunshin bayanan da ake aikawa a tashi ɗaya: idan an sa 9000 a saba da rumbu, aka bar suwicin tsakiya a 1500, ƙananan saƙonni za su wuce lafiya, manyan fayiloli su maƙale. Gwajin shi ne ka aika ping, wato saƙon gwaji, mai girman 8972 tare da hana a tsaga shi. In bai wuce ba, akwai kafar da aka manta. Haka nan hanyoyi biyu da ake ja daga saba zuwa rumbu: ɗaya na iya mutuwa wata shida ba wanda ya sani, sai ranar da ta biyun ta bi ta. Ka riƙa ƙirga hanyoyin da ke raye duk mako.

Agogo ma yana kawo rigima. Idan lokacin rumbu ya saɓa da na sabar shiga da fiye da minti 5, Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga, zai ƙi mutane, su yi ta canza kalmar sirri a banza. Haɗa kowace na'ura da NTP guda, wato sabar da ke daidaita agogo.

Sai batun sayen faifai. Ban hana kowa zuwa Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta ta Ikeja, ba, ni ma can nake sayen kebul da ƙananan kaya. Amma faifan rumbun kamfani yana da jerin waɗanda na'urar ta yarda da su, kuma faifan da aka ce sabo ne zai iya kasancewa ya yi shekaru yana juyawa a wata ƙasa. Karanta bayanan SMART ɗinsa, wato rahoton lafiyar da faifai ke ajiyewa a kansa, ka ga awannin da ya yi a kunne kafin ka biya. Kuma kafin ka sa shi, ka tabbatar akwai kwafin ajiya na daren jiya. Sake gina RAID yana tilasta wa sauran faifan karanta kowane lungu nasu, a manyan faifai aikin kan ɗauki yini ko fiye, kuma tunda galibi rana ɗaya aka saye su, a nan ne na biyu ya fi faɗuwa. Shi ya sa nake ba da shawarar RAID 6, mai jure mutuwar biyu, ga duk wanda faifansa suka kai terabait da yawa.

Kwafin nan kuma ba hoton bayanai (snapshot) da rumbu ke ɗauka wa kansa nake nufi ba. Wannan hoton a cikin rumbun yake zaune, in rumbun ya tafi tare suke tafiya, kuma idan ya taru yakan cinye wuri har rubutu ya tsaya. Kwafi uku ake so, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wajen ginin. In ofishinku yana Apapa, ɗayan ya zauna a Ikeja ko wani gari. Duk wata uku ka zaɓi fayil ɗaya da ma'ajiyar bayanai ɗaya ka dawo da su a wata saba daban, ka buɗe su, ka rubuta tsawon lokacin da aikin ya ci.