Yadda Ake Tattaki da Kallon Tsuntsaye a Hamadar Arizona da Mota Mai Ɗaki

A Amurka akwai motar da ake kira RV, wato mota mai ɗaki, da gado da murhu da banɗaki da tankin ruwa duk a cikinta. Da sanyi ya shigo, dubban mutane daga jihohin arewa da Kanada sukan tuƙo irinta zuwa kudancin jihar Arizona, cikin hamadar Sonora, su yi makonni, wasu ma watanni. In ka samu wannan dama, ko motar taka ce ko haya ka ɗauka, abin da za ka riƙe shi ne: zafin rana ne zai tsara maka yininka. Tafiyar ƙasa da sassafe, kallon tsuntsaye a inuwar mota idan rana ta ɗaga.

Mataki na farko, zaɓi lokaci. Daga Nuwamba zuwa farkon Afrilu ne hamadar ke da daɗin zama. A Yuni da Yuli zafin Phoenix, babban birnin jihar, yakan wuce digiri 43, a Yunin 1990 ma ya kai 50. Kada ka ce ai ka saba da zafin gida. Zafin da ka saba da shi kusa da rijiya da inuwa daban yake da wanda zai same ka kan duwatsu, kilomita biyar daga mota.

Na biyu, wurin sauka. Gandun Saguaro da ke gabas da yammacin birnin Tucson ba shi da wurin kwanan irin wannan mota, amma kusa da ɓangarensa na yamma akwai sansanin Gilbert Ray, a arewacin birnin kuma akwai Catalina State Park mai ruwa da lantarki. Mai son arha sai ya nufi filayen gwamnatin tarayya da hukumar BLM ke kula da su, inda galibi ake zama kwana 14 kyauta. A garin Quartzsite akwai wuraren dogon zama da ake biyan kuɗin izini, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, sai dai babu lantarki, kai za ka ji da kanka. Ko'ina ka sauka, kada ka faka a cikin busasshiyar korama komai kyan yashinta. Ana iya yin ruwa a kan tsauni mai nisa, kai ko ɗigo ba ka gani ba, sai ambaliya ta iso. Ka juya motar yadda jikinta zai tare maka ranar yamma, domin a nan za ka yi zaman kallo.

Na uku, tattakin kansa, kuma nan ne ba na son a yi sakaci. Ka haɗa jakarka tun da dare: ruwa kamar lita ɗaya ga kowace awa idan akwai zafi, abin ci mai gishiri irin gyaɗa, malafa, riga mai dogon hannu, takalmi sawu-ciki mai kauri, da taswirar da ka sauke a waya, don sabis yakan ɗauke. Ka faɗa wa wani hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka. Ka fita da gari ya waye, ka dawo kafin hantsi ya yi zafi. Da ruwanka ya kai rabi, juya, ko da ƙolin dutsen yana gabanka kana ganinsa. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya alamun zafi ne ya fara cin jiki, sai a nemi inuwa nan take.

Ka saka mataji a aljihu. Akwai wata ƙaya mai suna cholla wadda gaɓoɓinta ke ɓallewa su manne wa mutum kamar ƙarangiya, amma sun fi ta girma da zafi nesa ba kusa ba. Hannu ba ya cire ta. Mataji ake zurawa a ƙarƙashi a fizge. Macijin nan mai kaɗa jela yana ƙara kuwa, ba ya farautar mutum. Kada ka zura hannu ko ƙafa inda idonka bai gani ba, in kun haɗu ka ja da baya ka ba shi hanya. Idan tsautsayi ya sa ya sari wani, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure. A kira 911, lambar agajin gaggawa, a nufi asibiti.

Tun a kan hanya kallon tsuntsaye ke farawa. Ka riƙa ɗaga kai kana duban saguaro, dogon kaktus, wato tsiron hamada mai ƙaya, da kan haura mita 12 ya kuma rayu fiye da shekara 150. Ramukan da ke jikinsa aikin tsuntsu mai huda itace ne da ake kira Gila. Idan ya tashi daga ramin sai wasu su gada, har da mujiyar elf, wadda ta fi kowace mujiya ƙanƙanta a duniya. Ita sai wajen Maris take dawowa daga Meziko.

Na huɗu, tsakar gidanka na wucin gadi. Fara tambayar masu kula da sansanin, domin a gandun tarayya doka ta hana ciyar da namun daji, tsuntsaye ma suna ciki. Inda aka yarda, faffaɗan kwano mara zurfi da ruwa a ciki ya fi hatsi jan tsuntsu a hamada. Ajiye shi kusa da wani ɗan kurmi, ka koma gefe ka natsu. Salwar Gambel mai tukku a goshi za ta zo ayari guda, kurciyoyi su biyo baya, ga kuma cactus wren mai kaushin murya, tsuntsun da Arizona ta ɗauka tambarinta. Su kuwa ƙananan masu shan ruwan fure, waɗanda ke tsayawa cak a iska, ana rataye musu kwalba ta musamman: sukari fari awo ɗaya, ruwa awo huɗu, ba zuma, ba kala. A wanke kwalbar a sauya ruwan duk bayan kwana biyu idan da zafi, don lalataccen ruwan sukari cutar da su yake yi. Da magariba ka shigar da komai cikin mota, in ba haka ba javelina, wata dabba mai kama da aladen daji, za ta ziyarce ka da dare.

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar. Manhajar Merlin ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell kyauta ce, tana gane tsuntsu daga kukansa, a shafin eBird na intanet kuma za ka rubuta abin da ka gani ya amfani masu bincike. Shawarata dai, ka fara kallo da idonka, girma da baki da yanayin tafiya, kafin ka ɗauko waya. Kada kuma ka riƙa kunna kukan tsuntsu don ka jawo shi, wahalar da shi kake yi.

Idan da sauran kwanaki, gangara kudu zuwa Madera Canyon da garin Patagonia, inda masu shan ruwan fure suka fi yawa daga bazara zuwa ƙarshen damina. A tsakiyar sanyi kuwa dausayin Whitewater Draw ya fi, inda dubban manyan tsuntsaye dangin gauraka ke kwana. Ka isa kafin fitowar rana, da rigar sanyi mai kauri, domin da asuba suke tashi zuwa gonaki.